Muzammil, Wanda Ya Sa Matattu a Layin Sama

Muzammil ɗan ƙanena ne, Malam Sharfuddeen, Allah ya jiƙansa. A ɗakina aka yaye shi, don haka ba mai koya mini halinsa. Ni ban taɓa shiga makaranta ba, faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a sassauta mini magana don a rufa wa wani asiri. Abin ya riga ya zaga hillarmu, wato ƙauyenmu, ya haye kogi, har a kasuwar Abu Hujar na ji wata mai sayar da kuɓewa tana ba da shi a karkace, ba ta san goggonsa ce ke tsaye a gabanta ba. Gara a ji shi daga bakin gida.

Hillarmu tana bakin kogi, tsakanin Sinja da Abu Hujar. Kakanninmu ne suka yada zango a nan kan hanyarsu ta Makka, suka ce damina ɗaya za su huta, ga mu har yau. Noma muke yi, dawa da riɗi a tudu, kankana da tumatir a gaɓa in ruwa ya janye. Muzammil bai gaji ko ɗaya ba. In aka ba shi fartanya sai ya riƙe ta kamar za ta cije shi. Abin da Allah ya ba shi ladabi ne, irin ladabin da har yake ba ni haushi. Ba ya shiga ƙofa gaba da wanda ya girme shi, ba ya sa hannu a tire sai kowa ya sa. Ubansa ne ya hore shi a kan haka: babba gaba da yaro, baƙo gaba da ɗan gida, wanda ya riga mu gidan gaskiya kuwa gaba da kowa. Malam Sharfuddeen ba ya buɗe baki a taro, ko na gyaran famfon ruwa ne, sai an yi wa mamata fatiha.

Halinsa na biyu shi ne bakinsa ba ya iya ɗaukar kalmar "na yi kuskure". Ba girman kai ba ne, kunya ce take shaƙe shi. Yana yaro ya fasa mini tukunyar jabana da nake dafa gahawa a ciki, ya binne gutsattsarin a bayan rumbu, sannan ya shiga share mini tsakar gida safe da yamma ba wanda ya sa shi. Da sharar na gane. Yaron da ba ya ɗaukar tsintsiya ko an zage shi, in ya ɗauka da kansa ai akwai abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Da ya gama sakandare a Sinja aka tura shi Sinnar, wajen wani ɗan'uwanmu mai shagon buga takardu kusa da tashar jirgin ƙasa. Can ya koyi kwamfuta, ya zama mai yi wa mutane shafi a intanet, yau mai sayar da iri, gobe mai lorori, jibi wata makaranta. Ya yi aure, ya haifi biyu, ana ce masa Ustaz. Ni ma Ustaz nake ce masa in da baƙi a gida.

Wata rana ina gasa kisra, wainar nan tamu ta dawa mai faɗi, ya zauna kusa da murhu yana aikinsa, na ce ya nuna mini abin da ya raba shi da gona. Ya nuna mini istimara, wato takardar cikewa amma ta cikin waya. Wani wurin fili ne, mutum ya rubuta abin da ya ga dama. Wani wurin kuma ɗan akwati ne mai kibiya a gefe tana kallon ƙasa. In ka taɓa shi sai ya zazzago da layuka, ka ɗauki ɗaya, ya naɗe kansa ya koma. Ya ce wannan akwatin shi ne gwanintarsa. In ka bar wa mutanenmu fili, ka tambayi manomi abin da ya shuka, sai ya rubuta maka tarihin kakansa. In kuwa akwati ka ba shi, dole ya ce dawa, ko riɗi, ko auduga, a wuce wurin. Ya nuna mini bayan abin, inda yake rubuta shi da ƙananan haruffa kamar jerin tururuwa: a buɗe akwatin da kalma ɗaya, a jera abubuwan zaɓa kowanne da layinsa, a rufe. Kowane layi, in ji shi, fuska biyu gare shi, wadda mutum ke karantawa da wadda na'ura ke ajiyewa. Na ce ashe a hillarmu aka haifi na'urar. Ya yi dariya har ya kusa ture mini kullu.

Akwai abin da bai faɗa mini ba, domin shi ma bai taɓa tsayawa a kansa ba. Akwatin nan ko ba a taɓa shi ba, ba ya zama wayam. Layin da ke sama yana zaune a bakinsa, kamar kisrar da ke saman faifai, mai sauri ita zai ɗauka ko bai duba ba. In mutum ya rubuta sunansa ya danna aikawa, to da layin saman nan abin zai tafi. A Sinnar wannan bai cuci kowa ba, saboda a shago ake cike takardunsa, yana tsaye a kan mutum yana cewa taɓa nan, ɗauki wancan.

Sai shekarar da yaƙi ya iso Sinja, farkon damina. Ba zan ba da labarin gudun ba, wanda ya yi shi ya sani, wanda bai yi ba Allah ya tsare shi. Hillarmu ta watse cikin yini ɗaya. Mu muka haye kogi muka yi gabas har Gadarif, aka zuba mu a harabar wata makaranta. Wasu suka yi kudu wajen Damazin, wasu ba wanda ya ga ta inda suka bi. Cikin waɗanda ba a gani ba har da Almu, maƙwabcinmu, sa'ar Muzammil, mai gonar kankana a gaɓa. Ya sa matarsa Muhsina da ɗiyarsu Malak a kwale-kwale tare da mu, ya ce zai koma ya kwance injin ban-ruwansa ya biyo mu. Ba mu sake ganinsa ba.

A Gadarif dattawanmu suka kira Muzammil, wanda shi ma ya gudo daga Sinnar da iyalinsa, suka ce tunda shi ne mai ilimin abin, ya yi shafin da duk ɗan hillolinmu, ko ina ya faɗa, zai aiko da labarin kansa ko na wanda ya gani. Ya zauna gindin bango ya yi shi kafin la'asar. Fili ɗaya na suna, akwati ɗaya na hillar da mutum ya fito, sai akwati na biyu mai layi uku: yana da rai, ya rasu, ba a san inda yake ba. Haka ya fara jera su. Daga baya ya gaya mini da ya dubi abin sai ya ga ya ɗora masu rai a kan mamata, ya tuna ubansa. Sai ya ɗauko "ya rasu" ya mayar da shi sama, har ya ƙara masa "Allah ya jiƙansa". Dattawa suka gani suka sa masa albarka, suka ce ɗan Malam ne da gaske.

Labarin shafin ya bazu ta masallatai da shagunan waya har Damazin da Rusairis. Kowace Juma'a bayan salla Muzammil yakan miƙe ya karanta sunayen da suka shigo. Ni kuwa ban bar kowa ya huta ba. Duk matar da na haɗu da ita a layin ruwa sai ta ji cewa ɗan ƙanena ne ke riƙe da labarin rayayyu da matattu na ƙasar Sinja baki ɗaya. Yanzu in na tuna bakin nan nawa sai in ja tob, wato mayafina, in rufe fuska ko ni kaɗai ce a ɗaki.

Ƙarshen damina sunan Almu ya shigo, da hillarmu, da "ya rasu". Muzammil ya karanta shi da bakinsa, ga shi abokinsa ne. Aka yi masa sallar ga'ib, aka zauna makoki da abin da ya samu, shayi ba sukari da dabino kaɗan. Wani ma ya ce ya ga amalanken jakin Almu a ƙone kan hanyar kudu, sai magana ta zauna. Muhsina ta shiga takaba a kusurwar aji, bayan wani bargo da muka rataya mata. Farin tob mai kaushi, ba turare, ba lalle, kwana a tabarma. Ni na riƙa kai mata abinci. Yarinya ce mai kauri, ba ta kuka a gaban mutane, sai dai ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa.

Da ƙura ta lafa muka koma hilla lokacin ɗari. Mun tarar da ƙofofi a ɓalle, rumbuna wayam, amma bango yana nan. Takabar Muhsina ta cika, ta yi wanka ta fita. Ba a daɗe ba wata ranar kasuwa lorin Abu Hujar ya tsaya a bakin hilla, sai ga Baba Mato, tsohon mai kwale-kwalenmu, yana saukowa da ƙullin kayansa. Shi ma an karanta sunansa cikin mamata tun a Gadarif, ɗiyarsa har ta yi sadaka da bargonsa da gadonsa. Matan da ke wanki suka zubar da kaya suka ruga. Shi kuwa ya tsaya tsakiyar hanya yana tambayar wanda ya ci dabinon makokinsa, ya ce duk wanda ya ci sai ya biya shi da jabana, kuma a dawo masa da bargo, don inda aka ce ya tafi ba a jin sanyi amma nan ana ji. Tsofaffin abokansa suka riƙa taɓa shi suna tambayarsa ko an kore shi ne saboda surutu. Hilla ta yi dariyar da ba ta yi ba tun kafin gudu.

Da aka natsa Liman ya tambaye shi yadda aka yi. Mato ya ce shi da ƙafarsa ya je wani shagon waya a Damazin, ya ba mai shagon sunansa da sunan hilla, ya ce a gaya wa mutanensa yana nan daram. Kowa ya ce mai shagon ne ya yi ganganci, ko mugunta, ya taɓa layin da ba shi ba. Liman ya juya ya ce, "Ko ba haka ba, Ustaz?" Muzammil ya sunkuyar da kai. Aka ɗauka ya yarda.

Shi kuwa a nan take ya gane. Mai shagon bai taɓa layin da ba shi ba, bai taɓa akwatin ba ne sam. Da yamma ya je inda ake samun intanet ya ƙara sabon layi a can sama, mai cewa "zaɓi ɗaya", ya ɗaure shi yadda takardar ba za ta tafi ba sai mutum ya buɗe akwatin ya ɗauki wani abu da hannunsa. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Bai gaya wa kowa ba. Sunayen da suka riga suka shigo kuwa suna nan yadda suke, shi kansa bai san wane ne ya mutu da gaske ba, wane ne mai sauri ya kashe.

Muhsina ba wawuya ba ce. Washegari ta shigo gidanmu, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta juya wajen Muzammil yana alwala.

"Ustaz, yadda aka yi wa Baba Mato, ba zai yiwu haka aka yi wa baban Malak ba?"

Ya daɗe yana zuba ruwa a ƙafar da ya riga ya wanke. Sannan ya ce, "Allah ne masani, Muhsina. Wanda ya aiko shi ya zaɓa."

Ta ce haka ne. Ta ce dama zuciya ce ba ta jin magana, ta yi godiya ta fita. Ina zaune a wurin, ban ga komai ba sai mutumin da ke jin tausayin matar abokinsa.

Kafin azumi dangin Almu suka zauna suka ce yarinya da ƙuruciyarta ba za ta zauna haka ba, ga Malak, ga gonar gaɓa ba mai kula. Ƙanensa Sodangi, wanda bai yi aure ba, shi ya kamata ya rufa gidan. Sodangi ya ɗan yi nauyin baki na kunya, sannan ya yarda, kuma duk mai ido ya ga yardar ba ta yi masa ɗaci ba. Muhsina ta ce abin da manya suka gani. Aka sa Juma'ar da ke bayan ƙaramar Salla.

Daga nan Muzammil ya canza. Mutumin da bai taɓa ɗaure kara biyu ba sai ga shi yana gyara dangar gidan Muhsina da azumi a bakinsa. Yau ya kai buhun gawayi ya ajiye a ƙofa ya gudu, gobe ya ɗora jarkoki a jaki ya cika mata randa. Amma in ya hango ta a hanya sai ya sake lungu. Mata suka fara magana a bakin kogi, wai Ustaz yana so ya riga Sodangi. Matarsa ta daina yi masa magana sai ta bakin yara. Sodangi ya tare shi ya ce gidan yayansa ba ya neman ɗan aike. Ni ma na ɗauki kwanaki ina zaginsa a zuci a kan abin da ba shi ba ne, sai ranar Larabar makon bikin na fito da hantsi na same shi yana share mini tsakar gida.

Na zauna a gadon igiya ƙarƙashin rakuba, wato rumfar kara, na bar shi ya kai ƙarshen bango. Sannan na ce, "Ajiye tsintsiyar nan. Mi ka binne wannan karon?"

Ya ce ba komai, Goggo. Na ce ya dube ni. Bai iya ba. Ya tsuguna a gabana, babban mutum mai 'ya'ya biyu, ya fito da wayarsa yana nuna mini akwatin kamar zan karanta. Da ƙyar na tattara maganar, don rabi da Larabci yake yi, rabi cikin wuyan rigarsa.

Na ce, "Watau mai rai in ya aiko da sunansa bai taɓa wanga abu ba, gawa zai iso mana?"

Ya ce e.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da Baba Mato ya sauka daga lori. Amma na gyara, Goggo. Wallahi a ranar na gyara."

"Ka gyara akwati. Matar mutum fa?"

Ya ce wataƙila Almu ya mutu da gaske, ai an ga amalankensa. Ya ce in ya yi magana yanzu ya tsayar da biki, sannan aka tarar mutumin ya mutu, ya tada hankalin Muhsina a banza. Ya ce da wane ido zai dubi dattawan da suka sa masa albarka. Na bar shi ya zazzage duka. Ba fushi kaɗai nake ji ba. Ina tuna kwanukan da na kai bayan bargon nan a Gadarif, ina ce mata ta yi haƙuri, Allah ya karɓi abinsa.

Na ce masa in Almu ya mutu, Allah ne ya kashe shi, ba sai ɗan Sharfuddeen ya taya ba. Ya roƙe ni in bar shi ya sami Liman a keɓe. Na ce a gaban kowa ya karanta sunan, a gaban kowa zai janye shi. In kuwa bai yi ba, ni zan tsaya a ƙofar masallaci da sandata in faɗa, kuma ya san muryata tana kai gaɓa.

Laraba ta wuce bai yi ba. Alhamis ya kwanta wai zazzaɓi. Ranar Juma'a an riga an kai tiren dabino da alewa masallaci, mata sun ɗora tukwane a gidan su Sodangi. Na ɗauki kujerata na je na zauna jikin bangon masallaci, daidai tagar da ke kallon sahun da yake tsayawa. Mata ba sa zama a nan, amma na wuce shekarun da za a kore ni. Da aka sallame Liman ya ce waliyyai su matso. Na ɗaga sandata na ƙwanƙwasa ƙarfen tagar.

Muzammil ya miƙe. Da farko ba a ji abin da yake cewa ba, sai da Baba Mato ya ce ya ɗaga murya, ba da kwamfuta yake magana ba.

Ya ce, "Jama'a, kada a ɗaura auren nan. Ba ni da shaidar mutuwar Almu. Ba mai shagon Damazin ba ne ya yi wa Baba Mato kuskure, ni ne. Na sa mamata a layin sama, duk wanda bai taɓa akwatin ba sai ya zo a mamaci. Na sani tun da ɗari, na yi shiru."

Ba wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi sauƙi. Sodangi ne ya fara motsi. Yana sanye da sabuwar jallabiya, ya zo gaban Muzammil ya ce a hankali, "Kana kallo na kai gaisuwa ɗakin matar yayana, ba ka san ko yana da rai ba?" Bai jira amsa ba, ya fita ta ƙofar baya ko takalmansa bai ɗauka ba. Liman ya ce a mayar da dabino. Aka sauke tukwane, aka raba abincin gida-gida, ba wanda ya ci shi da daɗi. Namu kwanon na ba awaki.

Washegari da asuba Muzammil ya hau lorin kudu. Ba ni na sa shi ba. Ya bi shagunan waya na Damazin ɗaya bayan ɗaya, ya bi masallatan Hausawa, yana kwatanta mutum dogo mai gibi, manomin kankana daga ƙasar Sinja. Ya haye Rusairis. A can wani mai shago ya tuna da mutumin, don ya zo yana ɗingishi, ba shi da waya, an ƙwace a hanya. Aka nuna wa Muzammil wata hillar masunta sama da gari, gidan wani Bahaushe mai suna Osman.

Duk lokacin da yake can ban fita ko bakin kogi ba. Ba wanda ya ce mini komai, gaisuwa ma har ta fi ta da, amma na san irin gaisuwar. Wasu gidaje uku da aka karanta musu mamata a Gadarif suka sake tashi tsaye, suna zuwa ƙofarmu suna tambaya ko Ustaz ya dawo, ko nasu ma zai yiwu. Ba ni da abin ce musu sai in shimfiɗa tabarma in dafa shayi.

Muzammil ya dawo da ƙullin leda a hannu, ya rame ya yi baƙi. Bai shigo gida ba, ya wuce wajen Liman, aka kira dattawa da Sodangi, aka buga wa Osman waya shi da limamin hillarsu suka ba da shaida. Almu ne da kansa ya je shagon ƙarshen damina. Ya dawo yana murna, ya ce wa Osman yanzu mutanensa sun san yana nan. Ya zauna yana taya su gyaran koma, yana jira ƙafarsa ta warke, hanya ta buɗe, ya kuma sami abin da zai riƙo, don injin da ya koma ɗauka ya tafi, yana jin kunyar dawowa hannu wofi. Duk lorin da ya zo daga arewa sai ya je ya tambaya ko an zo cigiyarsa. Tsakiyar azumi zazzaɓi da gudawa suka kama shi, bai daɗe ba ya cika. Osman ya ce da wani ya zo da ɗari, da ya same shi zaune a bakin ruwa.

Liman ya ce takabar Gadarif ba takaba ba ce, mijinta yana da rai a lokacin. Ta gaskiya daga ranar da ya cika take farawa, kuma da sauranta da yawa. Ya ce da an ɗaura auren ranar Juma'ar nan, da a cikin idda aka ɗaura shi. Wani dattijo ya fara cewa ashe Ustaz ya ceci gidan ke nan. Da maganar ta iso ni na aika a gaya masa ya riƙe yabonsa, gidanmu ba mu da wurin ajiye shi.

Da la'asar na raka Muzammil gidan Muhsina, don ƙafarsa ba za ta kai shi shi kaɗai ba. Mun tarar labari ya riga mu. Ta fitar da gadonta tsakar gida, ta rataya labule a ƙofar ɗaki, ta ƙarƙashinsa ana ganin bakin farin tob a kan tabarma. Malak tana wajen kakarta. Muzammil ya tsuguna nesa da ƙofar, ya tura ƙullin ledar da hannu biyu. Hula ce da carbi da wata riga. Ya fara cewa ta yafe masa, ta katse shi.

"Ustaz, ba yau ba. Gaya mini, ya san ana ce ya mutu?"

"Bai sani ba."

"Ya ɗauka mun san yana da rai?"

"Haka Osman ya ce."

"Kuma ba wanda ya je."

Hannu ya fito ta gefen labule ya ja ledar ciki. Ni ta kira, ta ce Goggo, in zan kawo abinci gobe kada in sa mai da yawa, wancan karon ya dame ta. Na ce to, ɗiyata.

Muzammil bai koma Sinnar ba. Yana nan hilla, a sahun baya yake salla, kuma ba ya amsawa in an ce Ustaz. Sodangi ba ya gaishe shi, maganar auren ma ba wanda ya sake tayar da ita, an bar wa Muhsina sai ta fita ta faɗi abin da take so. Ni kullum da rana nake ɗaukar kwano in ratsa ta gaban matan da ke zaune a inuwa, in gaishe su kaina a ƙasa, in shiga in zauna da ita har ta ci.